Itacen girki ya yi nisa: haɗarin da ke tsakanin gatari da murhu a ƙasar Shagari

Duk wanda ya tsaya bakin hanyar shiga Horo Birni da hantsin bazara zai ga ayarin da ba ya fashi. Ga jakuna an ɗaure musu itace hagu da dama, ga amalanken shanu a baya, ga 'yan mata da yara maza kowa da daminsa a kan gammo. Da yawansu tun bayan sallar asuba suka fita don su riga rana, domin zafin watan Afrilu a wannan yanki kan haura digiri 40.

In aka kwance dami ɗaya aka duba, shi kansa zai ba da labarin dajin da aka fito. Ƙiraren sabara da kalgo ne suka fi yawa, sai ɗanyen reshen darbejiya da aka karyo, da busasshen karan tumfafiya, wani sa'in har da saiwar da aka tono da ƙasa a jikinta. Faskaren kirya ko marke, wanda iyayenmu mata ke iza wa tukunya su tashi su kama wani aiki, yanzu sai a kasuwa, kuma da kuɗi masu kauri.

Horo Birni mazaɓa ce a ƙaramar hukumar Shagari, maƙwabciyar Boɗinga, a kudancin birnin Sakkwato. Abin da ke faruwa a nan shi ke faruwa a ɗaruruwan garuruwan arewa. Itace nagari ya ƙaurace wa bakin gari, aikin nemansa ya faɗa kan waɗanda ba su san daji ba, kuma duk taku ɗaya da aka ƙara a tafiyar, haɗari ne aka ƙara.

Ranakun da ruwa ya ci masu neman itace

A tsakiyar watan Afrilun 2022, ana cikin azumin Ramadan, wani kwale-kwale ya kife a ruwan Shagari ɗauke da mutanen ƙauyen Gidan Magana. An tabbatar da rasuwar mutum 29, akasarinsu yara da matasa. Abin da ya fitar da su daga gida shi ne itacen girki, wanda sai an tsallaka ruwa ake samunsa.

Shekara guda da 'yan makonni bayan haka, cikin watan Mayun 2023, aka sake kwatawa. A wannan karon daga ƙauyen Dandeji ne, duk a ƙaramar hukumar Shagari, inda aƙalla yara 15 suka rasu, mafi yawansu 'yan mata. Su ma itace za su ɗebo.

Bayan kowane haɗari an yi maganar lodin da ya wuce ƙima, da tsufan jirage, da rashin rigunan ceto. Duk gaskiya ne. Sai dai akwai tambayar da ta riga waɗannan: me ya sa yarinyar da ba ta gama firamare ba sai ta hau ruwa kafin a ɗora tukunya a gidansu?

Ruwa shi ne haɗarin da ya shiga jaridu saboda ya ɗauki rayuka da yawa a rana ɗaya. Akwai kuma waɗanda ke ɗaukar mutane ɗaya-ɗaya ba wanda ya rubuta: wanda itace ya danne, wanda ya faɗo daga gawo, wadda nonon tumfafiya ya shiga idonta, da yaron da kububuwa ta sara a gindin kalgo.

Yadda daji ya ja da baya

Wannan ƙasa ba ta taɓa zama ƙurmi ba. Damina a nan 'yan watanni ce, daga wajen Yuni zuwa Satumba, kuma ruwan shekara bai cika wuce milimita 700 ba. Duk da haka, gonaki a da cike suke da gawo, bagaruwa, aduwa, tsamiya, magarya da kanya, ga kuma saurukan da ake barin su su huta, sabara da geza su rufe su.

Farin 1972 zuwa 1974 da na tsakiyar shekarun 1980 sun kashe itatuwa masu yawa. Jama'a ta ninka, aka daina barin gona ta huta, aka nome saura, aka matse burtali. Shi kuma birnin Sakkwato, tun da ya zama hedikwatar jiha a 1967, bai daina faɗaɗa ba, kuma cikinsa ba ya ƙoshi da itace: gidajen burodi, masu tsire da balangu, masu shayi, masu suyar ƙuli-ƙuli, gidajen biki, har da wankan jego da kan ci itace na makonni. Tulin faskaren da ke jere a gefen titin da ya taso daga Sakkwato ya bi ta Boɗinga da Shagari zuwa Tambuwal da Jega, mafi yawansa birni yake jira.

Sai kuma tsadar makamashi. Kananzir ya daɗe da fin ƙarfin talaka. Bayan cire tallafin man fetur ranar 29 ga Mayun 2023, kuɗin sufuri ya tashi, kilo ɗaya na iskar gas ya haura naira dubu, gidaje da yawa a birni suka jingine tukunyar gas suka koma gawayi da itace. Wani binciken Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa da aka fitar a 2024 ya nuna kusan gida biyu cikin uku na amfani da itace, kuma a karkarar Sakkwato lamarin ya fi haka.

Rashin tsaro ya ƙara dagula al'amarin. Dazuzzukan da ke da sauran manyan itatuwa su ne 'yan bindiga suka mamaye. A watan Satumbar 2021, jihohin arewa maso yamma da dama sun kafa dokokin da suka haɗa da hana manyan motoci ɗauko itace daga daji. Da babban daji ya rufe, sai gatari ya juyo kan itatuwan gona da na bakin gari.

Kowa da hujjarsa

Mai sayar da itace zai ce sana'ar rani ce, da ita yake ciyar da iyali daga girbi zuwa shuka, kuma in ya bari wani zai sare. Uwargida za ta ce ba ta da zaɓi, tuwon dawa ba ya dahuwa da kara kaɗai, in ba ta aiki yara ba a kwana da yunwa.

Manomi na kuka da masu shiga gonarsa da dare su kayar da gawon da ya gada. Makiyayi na cewa in bai sassaro wa dabbobinsa ganye a ƙarshen rani ba, za su mutu kafin ciyawa ta fito. Ma'aikatan gandun daji kuwa na nuna cewa dokar neman izini kafin sare itace tana nan, amma su kaɗan ne, dajin da faɗi, abin hawa babu.

Malamai na tunatar da cewa dasa itace sadaka ce mai gudana a Musulunci, kuma Halifa Abubakar ya hana mayaƙansa sare itatuwa masu 'ya'ya ko a fagen yaƙi. Ƙasar da Shehu Usmanu Ɗanfodiyo ya zauna a Sifawa, ƙanensa Abdullahi ya zauna a Boɗinga, ba baƙuwar wannan karatu ba ce.

Babu wanda ya yi ƙarya a cikinsu. Tunda kuwa ba gobe za a daina girki da itace ba, wajibi ne a san yadda ake sararsa mutum ya koma gida lafiya.

Kafin gatari ya taɓa itace

Tsohon masassaƙi ba ya isa gindin itace ya hau sara. Sai ya zagaya shi, ya ɗaga kai ya ga inda ya karkata da ɓangaren da rassa suka fi nauyi, domin can zai so faɗuwa. Yana duba ko akwai busasshen reshe a maƙale a sama, wanda girgizar sara za ta iya sako shi a kan mai saran. Sannan ya ƙwanƙwasa gindin da bayan gatari. In ya ji amo kamar na ganga, ya san gara ta cinye cikin, kuma irin wannan itace ba ya bin umarnin kowa wajen faɗuwa.

Iska ma abar dubawa ce. Ba a kayar da itace ranar da hunturu ke kaɗawa da ƙarfi, ko lokacin da hadarin farkon damina ya haɗo. Ba a yi da magariba, ba a yi mutum shi kaɗai. In akwai wayar lantarki kusa, aikin ya fi ƙarfin mai gatari, sai an sanar da ma'aikatan wuta sun yanke ta.

Kafin saran farko, a share gindin daga ƙaya da duwatsu, a kuma fitar da hanyar gudu. Hanyar ta nufi baya a karkace, hagu ko dama. Wanda ya tsaya daidai bayan itacen yana cikin haɗari, domin gindin kan yi tsalle ya harbo baya lokacin da kan ya daki ƙasa. 'Yan kallo, yara, jakuna da amalanke su matsa nisan da ya kai tsawon itacen sau biyu.

Kayan aiki su ma a duba su. Ƙarfen gatarinmu a ramin ƙota yake zaune, kuma da rani ƙota kan bushe ta saki, sai ƙarfen ya fice ya tashi sama. Dakusasshen gatari kuwa ya fi mai kaifi cutarwa, saboda ba ya kama itace, zamewa yake ya nufi ƙauri.

Sara biyu, da abin da ake bari a tsakani

Ga yadda gwanaye ke yi. A ɓangaren da ake so itacen ya faɗi, a buɗe masa baki: sara ɗaya a kwance, ɗaya daga sama a gangare, su haɗu a fitar da ɓallin. Zurfin bakin ya kai kamar kashi ɗaya cikin huɗu na kaurin gindin.

Daga nan a koma baya a fara sara na biyu, a ɗan ɗaga shi sama da na farko da kamar yatsu biyu ko uku. Muhimmin abu shi ne kada saran biyu su haɗu. A bar naman itace a tsakani, kamar kashi ɗaya cikin goma na kaurin, domin shi ke riƙe itacen yana sunkuyar da shi sannu a hankali zuwa inda aka nufa. Wanda ya zagaye gindi da sara ta ko'ina, kamar yadda yara da yawa ke yi, ya bar wa itacen zaɓi, kuma zai iya zaɓar kan mai saran.

Da an ji ƙara ta farko, a daga murya a gargaɗi jama'a, a ajiye gatari a bi hanyar da aka share, ido na kan itacen.

Wani lokaci itacen kan faɗa kan ɗan'uwansa ya maƙale. Nan ne ake yawan rasa rai. Ba a shiga ƙarƙashinsa, ba a hawansa, ba a sare wanda ya tallafe shi. Doguwar igiya ake nema a ja daga nesa, in ya ƙi a sa alama a nemo ƙarin hannu. Ko bayan ya kwanta ƙasa, reshen da nauyi ya danne a tanƙware yake, in aka datse shi ba lura sai ya make fuska.

Wajen faskare kuma, kada a taka guntun da ƙafa ana sara, balle da silifas. A ɗora shi a kan gungume, a buɗe ƙafafu, a kori yara daga gaba da baya.

Hawa sama da injin zarto

Yawancin itacen da ake ƙonawa a karkara daga rassa yake fitowa, wato sai an hau. Reshen darbejiya da busasshen reshen gawo kan karye ba sallama. Mai hawa ya gwada kowane reshe kafin ya ɗora masa nauyinsa, ya ɗaura igiya a ƙugu ya laƙa ta a jikin uwar itacen, a kuma miƙa masa adda da igiya bayan ya zauna daram. Ƙaramin sara daga ƙasan reshe kafin na sama yana hana shi tsagewa ya ɗaye ɓawo ya fizgi mai saran.

In mutum ya faɗo yana kukan baya ko wuya, ko ya ce ba ya jin ƙafafunsa, kada a cicciɓe shi a ɗora a babur. A kwantar da shi a miƙe a kan ƙyaure ko faffaɗan katako, wani ya riƙe kansa kada ya motsa, a nemi mota. Ɗaukar gaggawa ta gurgunta mutanen da faɗuwar kanta ba ta gurgunta ba.

Injin zarto da ya yawaita a 'yan shekarun nan yana gama aikin yini cikin mintuna, kuma haka yake yi wa ƙafa. In kan sarƙarsa ya taɓa wani abu, yakan yi tsalle ya dawo wa mai riƙe da shi. Ba a yanka da shi sama da kafaɗa, ba a riƙe shi da hannu ɗaya, ba a miƙa wa yaro.

Idan an yi rauni, a danne wurin da tsumma mai tsabta har jini ya tsaya. Zuba ƙasa, toka, kashin shanu ko man birki a ciwo hanya ce ta gayyato tetanus, cutar nan mai sarƙe haƙora. Ko sukar ƙayar aduwa ce ta yi zurfi, a je asibiti a yi allura.

Masu gida a cikin kututture

Busasshen gungumen da mai neman itace ke murnar samu, sau da yawa yana da mai shi. Kububuwa ƙarama ce, launinta ya saje da ƙasa, amma ita ce ta fi kowane maciji kisa a wannan sashe na Najeriya. Dafinta na hana jini daskarewa. Wanda ta sara zai iya yini garau, washegari jini ya fara fita daga dasashi da fitsari. Kasa kuwa kwanciya take cikin busasshen ganye ba ta gudu, gamsheƙa kuma na iya feso dafi a ido.

Dabarar ita ce a daki gungume da sanda, a juya shi da sandar kafin a kai hannu, kuma kada a zura hannu cikin kogon itace. A gida, a tara itace nesa da ɗakin kwana. In aka ji gunjin ƙudan zuma ko aka ga zirnaƙo na shige da fice a kogo, a bar wannan itacen.

In tsautsayi ya auku, kada a tsaga wurin, kada a tsotsa, kada a ɗaure tamau da igiya. A cire zobe da awarwaro, a hana gaɓar motsi, a garzaya asibitin da ke da allurar kashe dafi. Tun 2017 Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa saran maciji cikin manyan cututtukan da aka yi wa sakaci, kuma jinkirin zuwa asibiti na cikin abin da ya fi kashe mutane.

Itacen da ba a kai wa murhu

Da can, uwa kan tsince dami ta jefar da abin da bai dace ba kafin ta hura wuta. Yau ƙarancin itace ya sa ana haɗawa da komai.

Tumfafiya ce kan gaba, domin ita ke rage a filin da komai ya ƙare, dabbobi ma ba su cika kula ta ba. Da an karya ganye ko kara sai farin nono ya tsatso. Yarinya ta karyo ta, zufa ta gangaro mata, ta kai bayan hannu ta share ido. Abin da ke ruɗar mutane shi ne sau da yawa zafin ba ya yi tsanani, sai dai bayan 'yan sa'o'i gani ya dushe kamar an shiga hazo. Nonon yana kumbura fatar gilashin ido, kuma in an sha shi da yawa yana taɓa bugun zuciya. Gaskiya ne ana amfani da ita a maganin gargajiya da wajen daskarar da nono, amma wannan aikin masu sani ne da awo.

Aguwa da ake shinge da ita, da 'yar'uwarta tinya mai fitowa a wuraren duwatsu, su ma farin nono gare su. Na tinya ya fi zafi, yana ƙona fata ya tayar da bororo, a ido kuwa yana iya makantarwa. Kariya mai jan fure da ake dasawa don ado, dafi ce tun daga saiwa har fure. Ƙa'ida mai sauƙi da za a koya wa kowane yaro ita ce: duk tsiron da ya fitar da farin ruwa, a bar shi, kuma kada a fiƙe tsinken tsire, asuwaki ko muciya daga jikinsa.

Itacen da motoci ke kawowa daga dazuzzukan kudu kan zo da baƙi. Gwaska, wadda a zamanin jahiliyya ake shayar da ruwan ɓawonta ga wanda ake tuhuma, guba ce mai tsayar da zuciya, ƙurarta ma na sa tari da ƙaiƙayi. Ganyen samberu kuwa makiyaya sun san yana kashe tumaki da raƙuma. Wanda bai gane itace ba ya tambayi dattijo kafin ya gasa nama a kansa.

In nonon tsiro ya shiga ido, a wanke da ruwa mai tsabta ana kwarara shi ba tsayawa na kamar minti 20, kada a murza, kada a ɗiga nonon mace ko ruwan ganye, sannan a tafi asibiti ko da ba a jin zafi. Sashen ido na Asibitin Koyarwa na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo da ke Sakkwato na karɓar waɗanda abin ya yi wa tsanani.

'Ya'yan da ke kama da abinci

Yaron da ya fita tun asuba ba karin kumallo, da hantsi duk abin da ya gani zai kai baki. Ƙwayar bini-da-zugu tana da gardi kamar gyaɗa, kaɗan daga cikinta kuwa ta isa ta jawo amai da gudawar da za su zuƙe ruwan jikin yaro. Ƙwayar zurma da ta idon zakara, ja mai ɗigon baƙi da yara ke wasa da ita, suna ɗauke da guba mai kisa in aka tauna. Zaƙami na busar da baki, ya buɗe ƙwayar ido, ya gusar da hankali.

Idan yaro ya ci irin waɗannan, kada a tura masa yatsa a maƙogwaro, kada a ɗura masa manja. A ɗauki samfurin abin da ya ci a tafi da shi asibiti, domin ganinsa zai taimaki likita. Kuma ɗan ƙunshin ƙuli-ƙuli ko gorar kunu da uwa za ta ba yaro kafin ya fita, rigakafi ne babba.

Hayaƙin da ake shaƙa kullum

Haɗarin bai ƙare a daji ba. Ɗanyen itace hayaƙi yake yi fiye da wuta, kuma mace da goyonta ne ke shaƙarsa safe da yamma. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa hayaƙin girki na kashe mutum wajen miliyan uku a duniya duk shekara, ta hanyar ciwon huhu, ciwon zuciya da shanyewar ɓarin jiki.

Kunna wuta da leda, roba ko guntun taya, da ƙona katako mai fenti, ƙarin guba ne a cikin madafa. Haka shigar da garwashi ɗaki a rufe ƙofa da taga lokacin sanyi, wanda kan kashe mutane cikin barci da iskar da ba ta da wari. Shanya itace ya bushe sosai, buɗe wa madafa taga, da gina murhun laka mai tattara zafi, duk suna rage hayaƙi su kuma rage yawan itacen da ake ci.

Darasin Maraɗi

Maƙwabtanmu na Nijar sun riga mu shiga wannan ƙunci, sun kuma samo mafita da ba ta buƙatar kuɗi. A 1983, wani masanin noma ɗan Ostareliya, Tony Rinaudo, da ke aiki a Maraɗi, ya lura cewa 'yan tsirran da manoma ke sassabewa duk shekara tohon kututturan itatuwa ne masu rai, saiwarsu na nan a ƙasa. Maimakon a share su, sai a zaɓi tsirrai biyu zuwa biyar mafi ƙarfi a kowane kututture, a datse sauran, a kare su daga dabbobi. Manoman can suna kiran wannan sassaben zamani.

Cikin shekaru kamar 20, an ƙiyasta cewa itatuwa wajen miliyan 200 sun dawo a fili mai faɗin hekta miliyan biyar a yankunan Maraɗi da Damagaram. Rassan da ake ragewa duk shekara su ne itacen girkin gida, a gonar da mace ke iya zuwa ta dawo kafin rana ta take. Abin da ya ƙarfafa manoma shi ne tabbacin cewa itacen da suka raina nasu ne. A kwarin Majiya da ke jihar Tawa kuma, layukan darbejiya da aka fara dasawa a 1975 don tare iska sun zama tushen itace ga ƙauyuka.

Ƙasar Shagari da Boɗinga ta fi Maraɗi samun ruwa, kuma sabara, kalgo da gawon da suka farfaɗo a can su ne a gonakinmu.

Aikin da ke gaba

Tsare-tsare ba su yi kaɗan ba. Sakkwato na cikin jihohi 11 na shirin Babbar Ganuwar Itatuwa, wanda aka kafa wa hukuma a Najeriya a 2015, tana kuma cikin shirin ACReSAL na Bankin Duniya da aka amince da shi a ƙarshen 2021. Ma'aunin nasararsu a wurin talaka ɗaya ne: ko tafiyar neman itace ta ragu. Dashen da aka yi gaban kyamara aka bar wa awaki ba zai rage ta ba. Kowace mazaɓa na buƙatar filin itacen girki na al'umma mai shinge da mai gadi, da murhu mai tsimin itace a farashin da matar karkara za ta iya biya, da allurar dafin maciji a manyan asibitocin ƙananan hukumomi.

Uwayen ƙasa da hakimai na da ikon da ya fi na kowace takarda. Za su iya hana yara ƙanana hawa jirgi neman itace ba tare da babba ba, su ƙayyade lodin kowane jirgi, su kare bagaruwar da majema ke jima da ita da aduwar da ake sassaƙa allo, su kuma hukunta mai shiga gonar wani da gatari. Limamai da malaman makaranta, na boko da na allo, za su iya ware rana ɗaya a gayyato tsohon masassaƙi ko maharbi ya zagaya da yara bayan gari, ya nuna musu wanda ake sara da wanda ake kauce wa. Wannan ilimi yana ƙirjin dattawa, kuma kullum raguwa suke.

Sauran aikin na mai gona ne, kuma lokacinsa sharar gona mai zuwa. Duk kututturen da ya yi toho, a rage masa rassa a bar shi ya tashi. Cikin shekara uku zuwa huɗu gidan zai fara cin itacen gonarsa, kuma yaran da aka hutar da su daga tsallaka ruwa da kutsawa daji za su samu lokacin zama a aji.